Toku-san da Wutar Tsakar Rana

Duk wanda ya girma a tsibirinmu na Okinose ya san ƙararrawar keken Tokuji Hirakoba kafin ya san muryarsa. Muryar ma ba kowa ya san ta ba, don mutumin ba ya ɓarnar magana. Toku-san muke ce masa, "san" ɗin na girmamawa ne. Shekara talatin da takwas yana riƙe da injin da ke ba tsibirin wuta, wani tsohon janareta mai shan man gas a wani ɗaki bayan tashar jirgin ruwa, kuma a duk shekarun nan ba wanda zai ce ya taɓa yi masa faɗa. Ƙararrawa kawai yake kaɗawa.

Ɗan masunci ne, jikan masunci, amma teku ta ƙi shi tun yana yaro. Da ya taka jirgi sai amai, ko da jirgin a ɗaure yake. Ubansa ya gwada shi damina uku, ya ga kifin da yaron yake ciyarwa ya fi wanda yake kamawa, sai ya kai shi ɗakin inji ya ce a koya masa abin da ba ya motsi. Nan ya samu wurin zama. Ya san injin nan kamar yunwar cikinsa, daga bakin ƙofa yake gane ko lafiyarsa ƙalau ko an ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa.

Injin ƙarami ne, gidan ƙanƙarar masunta kuwa da rana yake aiki, kuma shi ke lashe kusan duk wutar. In wani ya kunna abu mai nauyi kafin faɗuwar rana, sai injin ya fara tari, ƙanƙara ta ƙi daskarewa, kifin da aka kamo da asuba ya isa kasuwar birni yana ɗoyi. Da Toku-san ya ji tarin sai ya hau keke ya bi layi yana kasa kunne. Gidan da ya ji ƙarar inji a ciki, ya tsaya a ƙofa, ya kaɗa ƙararrawa sau biyu, ya ɗan rusuna, ya wuce. Ba ya kiran sunan kowa. To amma gida saba'in ne a tsibirin, kowa ya ji inda ƙararrawar ta tsaya. Matar da aka kaɗa wa takan yi mako guda tana aiken miji kanti. A haka muka taso da sanin wutar rana ta masunta ce, mai taɓa ta ɓarawon ƙanƙara ne. Wanki, ɗumama ruwan wanka, busar da ciyawar teku, duk sai rana ta faɗi.

Matarsa Setsuyo daga tsibirin maƙwabta aka kawo ta, kuma duk maganar da ya ƙi yi ita ta yi masa. Tun da aka haifi ɗansu take ce masa Baba. Shi kuwa "ke" yake ce mata, kamar yadda ubansa ya yi, kuma shekara hamsin ba wanda ya ji sunanta a bakinsa. Ɗan ya girma ya tafi Osaka, kamar 'ya'yan kowa. Masunta suka ragu, gidan ƙanƙara ya koma wani ɗan akwati da bai fi firji biyu ci ba, makaranta ta rufe, Toku-san ya yi ritaya ya jingine keke. Amma sabo turken wawa. Ba sauran ƙanƙarar da za a sata, duk da haka ba wanda ke taɓa maɓalli da rana.

Yana da shekara saba'in da uku huhun Setsuyo ya gaza. Aka kai ta asibitin birni, aka haɗa ta da na'urar da ke ba ta iskar numfashi, na'urar da ba ta son a ɗauke mata wuta. Likita ya ce ba za ta koma inda inji ɗaya ne tsoho ba, wanda ke mutuwa in ya ga dama, kuma in guguwa ta hana jirgin mai zuwa a kwana uku a duhu. Shekara ɗaya da rabi tana can, a wani ɗaki da tagarsa ke kallon wurin ajiye motoci. Duk Laraba Toku-san ya shiga jirgi da bokitinsa na amai, awa huɗu zuwa, awa huɗu dawowa, ya zauna gefen gadonta fuskarsa fari fat, ta yi ta magana yana gyaɗa kai. Bai tsallake ko Laraba ɗaya ba.

Sai ofishin lardi ya zaɓi tsibirinmu don gwaji. Aka shimfiɗa farantan sola a filin tsohuwar makaranta, aka dasa wani batir mai girman kwantena a inda yara suke tsere da, aka haɗa su da wayoyin gari. Tsohon injin aka ce ya huta, sai in batir ya ƙare ya tashi. Wuta ta daina ɗaukewa. Likita ya duba takardu ya sa hannu, Setsuyo ta dawo gida da na'urarta, ta shiga ɗaki ta ce wa ya bar mata tsintsiya a tsaye.

Injiniyar da aka turo mana sunanta Iwanaga, mace mai kimanin shekara arba'in da biyar, mai haƙuri da takalman roba. Ta tara mu a zauren taro ta yi bayani dalla-dalla. Batirin nan, in ji ta, kafin sha ɗaya na safe ya cika, kuma in ya cika ba ya karɓar ƙari, duk wutar da rana ta bayar bayan nan zubarwa ake yi. Da yamma kuwa kowa ya kunna komai lokaci guda, kafin takwas ya ƙare, tsohon inji ya tashi. Don haka a mayar da aikin yamma tsakar rana. "Wutar ta kowa ce," in ji ta, "ku yi amfani da ita yadda kuke so."

Nan ta yi kuskure, baiwar Allah, ba ta sani ba. A wurinmu abin da aka ce na kowa ne shi ne ba mai taɓawa. A gabanta ma akwai faranti na wainar shinkafa, an cinye saura ɗaya, kuma ɗayar nan tana nan har aka tashi, mutum arba'in suna satar kallonta. Muka ce mun ji, mun gode, muka rusuna. Kowa ya koma gida ya jira yamma.

Wata shida bayan nan Iwanaga ta zo gidan Toku-san, ta zauna a baranda, ta buɗe masa allon da ke nuna lissafin wutar. Bai kalla ba. Ba ya bukata, kullum da ƙarfe takwas saura yana jin tsohon injinsa yana tashi daga can bakin ruwa.

"Hirakoba-san, gwajin shekara ɗaya ne," in ji ta. "A watan Maris za su duba. In wutar da muka sha daga rana ba ta kai kashi shida cikin goma ba, za a ɗauke batirin a kai wani tsibiri. Akwai uku da ke jira."

"Muna nawa?"

"Huɗu. Na yi taro, na raba takarda, na sa an faɗa a lasifika. Kowa sai ya ce min to. Ni dai ina son in ga wanda ya koya wa mutanen nan wannan hali."

Toku-san ya ɗan rusuna daga zaune. "Ni ne."

Ta rufe allon, ta ba shi haƙuri, ya ba ta haƙuri, suka sha shayi. Ta cikin ƙofa ana jin na'urar Setsuyo tana huci a hankali. Duk su biyun sun san in batir ya tafi, takardar likita ta tashi aiki.

Kowa ya ɗaure kura shi ya san yadda zai kwance ta. Toku-san ya kwana biyu yana tunani, ya ga mutanenmu ba sa jin magana, amma suna gani. Ya jawo injin wanki daga bayan gida ya girke shi a baranda, yana kallon hanya. Ƙarfe goma sha biyu daidai, lokacin da mata ke dawowa daga kanti, ya zuba labulen ɗaki ya danna. Injin ya kama ruri. Shi kuma ya zauna kusa da shi a miƙe, hannu bisa gwiwa, kamar mai jiran hukunci. Kunyar da ya ji ranar bai taɓa jin irinta ba, har kunnuwansa suka yi ja. Masu wucewa suka gaishe shi suna kallon teku.

Washegari ya sake. Da kayan datti suka ƙare ya koma kan labulen. Ya dafa shinkafar dare da rana, ya ɗumama ruwan wanka da rana, ya shiga baho ƙarfe ɗaya yana gumi. Setsuyo tana kwance tana kallonsa.

"Baba, labulen nan sau nawa ke nan?"

"Tara."

"Da na zo da shi gidan aure da furanni a jikinsa. Yanzu ina hango gidan Kinue-san ta cikinsa."

Bayan mako biyu Iwanaga ta kira shi a waya, muryarta a sanyaye. Lissafin ya motsa, in ji ta. Daga huɗu ya koma uku da rabi.

Kinue ita ce maƙwabciyarsu ta bango ɗaya, gwauruwa mai shekara tamanin da baki kamar reza. Shekara arba'in da suka wuce ya taɓa kaɗa mata ƙararrawa ranar da surukanta suka zo, kuma ba ta manta ba, ba ta kuma bari ya manta ba. Ranar nan da la'asar ta shigo da kwanon jiƙaƙƙen kabeji, ta ajiye a baranda, ta kalli injin wankin, ta rage murya, abin da ba ta saba ba.

"Toku-san, ka daina sunkuyar da kai. Ba wanda ya ce komai. Gidan mai jinya wanki ba ya ƙarewa, mun sani."

Ya ɗauki kwanon, ita kuma ta ci gaba.

"Mun yi magana, mu matan layi, har da na gangare. Tun ranar da aka dawo da ita ba mai taɓa komai da rana. Da muka ga wankinku ya ƙaru, muka ce to, abin ya yi nauyi, firji ma a riƙa cirewa daga sha ɗaya zuwa huɗu. Abokinka Matsuzo talabijin ɗinsa ma ya rufe da zane. A bar akwatin batirin nan a cike. Numfashin Setsuyo-san ne a ciki, wa zai sha?"

Toku-san ya tsaya da kwanon a hannu. Ya ɗauka tsoron ƙararrawa ne ya hana su, ashe har da ƙauna, kuma ƙaunar ce za ta mayar masa da mata birni. Daɗi da baƙin ciki suka haɗu masa wuri ɗaya. Ya rusuna ya ce, "Mun gode da ɗawainiya," don abin da ake faɗa ke nan. Kinue ta tafi tana jin daɗin kanta.

Setsuyo ta ji komai, bangon gidajenmu takarda ne.

"Je ka faɗa musu."

"Ba a ɗora wa mutane nauyin gidan wani."

"Nauyin ai sun riga sun ɗauka, a baibai suka ɗauka. Madarar Kinue-san tana tsami saboda ni." Ta tsaya ta ja iska. "Baba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni ba zan koma in ƙirga motoci ba. Kai ma kuma ka tsufa da bokiti."

"Me zan ce musu?"

"Buɗe baki tukuna, ka ga abin da zai fito. Shekara hamsin ina jira in gani."

Da safe ya fito da keken, ya hura masa iska, ya ɗiga wa ƙararrawa mai. Ƙarfe goma sha biyu ya tura shi taku goma, ya tsaya a ƙofar Kinue, ya kaɗa sau biyu. Duk layin ya yi tsit. Shekara goma sha biyu rabon da a ji wannan ƙara, amma tagogi suka motsa kamar jiya ne.

Kinue ta fito da silifa ɗaya. "Me na kunna? Faɗa min me na kunna! Tukunyar shayi ma a kan gawayi take, tsohon banza!"

Ya sauka daga keken, ya cire hula, ya rusuna har ƙasa-ƙasa, irin rusunawar da ba a yi wa maƙwabci sai an yi masa babban laifi. Bai ɗago ba ya fara magana, da ƙarfi, don masu tagogi su ji.

"Kinue-san, roƙo na zo. Akwatin nan in ya cika ba ya ajiye ƙari. Abin da kuka bari da rana ba ya isa gidana, zubarwa ake yi. Abin da kuka kunna da yamma shi ke kwashe shi. In muka kai Maris a haka za a ɗauke shi, in an ɗauke shi za a ɗauke Setsuyo. Abin da na koya muku ya wuce zamaninsa. Ku taimake ni ku sha wuta da rana."

Kinue ta daɗe tana kallon tsakiyar kansa.

"Ashe ka san sunanta," in ji ta.

Bai ɗago ba.

"Wato dai ni ba ni da ranar hutu a wurinka. Na kunna, ka kaɗa min. Na kashe, ka kaɗa min." Ta share ido da bayan hannu kamar hayaƙin gawayi ne. "Amma ni ba zan fara ba, a ce Kinue ce marar ta-ido."

"Na fara tun mako biyu."

"Da labule? Wannan ba wanki ba ne, cin zali ne. Ɗago, bayanka zai riƙe."

Ta shiga ciki. Can sai aka ji injinta ya ɗauka, tsohon inji mai tafiya da kansa a kan daɓe.

Gida hamsin da biyu ne suka rage da mutane a ciki. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya kaɗa, ya cire hula, ya maimaita maganar ba ragi ba ƙari, kuma a kowane gida sai an zaunar da shi an ba shi shayi, don ba a barin mai roƙo a tsaye. Kwana tara ya yi, ya sha kofi hamsin da biyu. Matsuzo, abokin ƙuruciyarsa, kunnensa ya yi nauyi, sai da ya faɗa masa sau uku, har aka ji sunan Setsuyo daga tashar jirgi. Da Matsuzo ya gane sai ya ce, "Kai Toku, da ka san kana da murya haka da ba ka lalata mana ƙuruciya da ƙararrawa ba," ya yaye zanen talabijin.

Ba a canza dare ɗaya ba. Wasu suka kunna suka rufe tagogi, wata ta lulluɓe injinta da bargo don kada a ji. Masu busar da ciyawar teku ne suka kawo babban sauyi, don na'urarsu ita ce mai cin gaske. Ƙarfe takwas ta yi tsohon inji bai tashi ba, sai tara, sai goma, wata rana bai tashi ba sam, Toku-san ya ce wa matarsa abin ba daɗin ji. A watan Maris lissafi ya tsaya a shida da ɗan ɗoriya. Batir ya zauna. Iwanaga ta rubuta a rahotonta cewa an samu fahimtar jama'a ta hanyar wayar da kai, ta kawo wa Toku-san kwalin kayan zaƙi da sabon labule.

Setsuyo ta yi shekara biyu da bazara ɗaya a ɗakinta, taga a buɗe tana kallon teku. Kullum da tsakar rana, in injunan layi suka ɗauka, ƙamshin shinkafa ya taso a lokacin da ba nasa ba, sai ta ce garin nan ya lalace, ba a barin marar lafiya ya runtsa. Tana faɗa tana murmushi. Guguwa ta zo sau huɗu a tsakanin, sau ɗaya jirgin mai ya yi kwana shida bai zo ba, na'urarta ba ta tsaya ko minti ɗaya ba. Ta rasu wata safiya a watan Mayu, a shimfiɗarta, bayan ta gaya masa inda ta ajiye maganin hawan jininsa.

Washegarin jana'iza ɗan ya koma Osaka a jirgin safe. Toku-san ya zauna a baranda. An kashe na'urar, an naɗe wayarta, kuma sai a lokacin ya gane shekara biyu ke nan bai ji gidan ba tare da hucinta ba. Ƙarfe goma sha biyu ta yi. Rana tana sama fes, ya san batir ya cika tun ɗazu. Ya kasa kunne kamar yadda ya saba tun yana saurayi, daga layi har gangare. Ko inji ɗaya babu. Ba a yi wa gidan makoki hayaniya, kuma wataƙila wasu suna tambayar kansu yanzu don wa za a yi.

Ya jira har sha biyu da rabi. Sannan ya shiga ɗaki ya ɗauko rigar barcinta da zanen gadon, ya tsaya da su a hannu na ɗan lokaci, ya zuba a inji, ya danna. Ya koma ya zauna a miƙe, hannu bisa gwiwa, hawaye na bin fuskarsa, bai share ba.

Injin ya yi minti uku yana ruri shi kaɗai a duk tsibirin. Daga nan, ta bayan bango, na Kinue ya ɗauka.